Hayaniyar Berlanga ko Shirun Saura da Erice: Ta Wace Ƙofa Za A Shiga Tsofaffin Fina-finan Sifaniya?

Duk wanda ya yi niyyar sanin tsofaffin fina-finan Sifaniya, musamman waɗanda aka shirya a zamanin Janar Francisco Franco, daga ƙarshen yaƙin basasa a 1939 zuwa mutuwarsa a watan Nuwamba na 1975, zai tarar da manyan ƙofofi biyu a gabansa, kuma sau da yawa wadda ya fara shiga ita ke sa ya ci gaba ko ya juya da baya. Ta farko ita ce ta Luis García Berlanga, inda mutum goma ke magana a lokaci guda, kowa tasa ta fishshe shi, mai kallo kuma yana ta dariya har sai ya farga cewa abin da yake wa dariya abin kuka ne. Ta biyu ita ce ta Carlos Saura da Víctor Erice, inda ake iya shafe mintuna ba wanda ya ce uffan, sai fuskar yarinya ƙarama tana kallon manya suna ɓoye abin da ke cinsu. Shawarata ita ce a fara da Berlanga, amma ina da dalilai, kuma akwai mai kallon da wannan shawara ba ta dace da shi ba.

Kafin a auna su, sai an san igiyar da ta ɗaure su gaba ɗaya. Hukumar tace fina-finai ta lokacin tana karanta labari a rubuce tun kafin a kunna kyamara, sannan ta sake duba fim bayan an kammala shi, kuma a cikinta akwai wakilin cocin Katolika mai ƙarfin faɗa a ji kan abin da ya shafi tarbiyya. A 1941 aka wajabta juya muryoyin fina-finan ƙasashen waje zuwa Sifaniyanci, lamarin da ya ba masu tacewa damar sauya magana a bakin jarumi, har ta kai a fim ɗin Amurka mai suna Mogambo suka mai da mata da miji wa da ƙanwa don su ɓoye cin amanar aure, ba tare da sun lura cewa abin da suka haifar ya fi wanda suka ɓoye muni ba. Daga 1943 kuma kowane gidan sinima sai ya fara haska labaran gwamnati da ake kira NO-DO kafin ya saka fim. Abin da mahukunta ke so a gani shi ne jarumtar soja irin ta Raza, wanda Franco da kansa ya rubuta labarinsa da sunan aro, ko tarihin sarakuna irin na Locura de amor na 1948, ko labarin maraya mai tsarkin zuciya irin na Marcelino pan y vino na 1955, ko kuwa mawaƙan yankin Andalus da rigunansu masu tattara. Saboda haka ne a taron masu fim da aka yi a Salamanca a 1955, darakta Juan Antonio Bardem ya fito fili ya ce fim ɗin ƙasarsu ba ya faɗin gaskiya game da al'umma, ba shi kuma da wani tasiri a siyasa. Berlanga da Saura da Erice duk amsa ɗaya suke nema ga tambaya ɗaya: yaya mutum zai faɗi gaskiya alhali akwai mai almakashi zaune a bakin ƙofa?

Amsar Berlanga ita ce gugar zana a cikin barkwanci, irin abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce da wasa ake faɗa wa mahaukaci gaskiya. Fim ɗinsa na 1953, ¡Bienvenido, Mister Marshall!, wato barka da zuwa Malam Marshall, an ba shi kwangilarsa ne don a tallata wata mawaƙiya, Lolita Sevilla, sai ya cika sharaɗin ya kuma juya shi. Wani ƙauye na tsakiyar ƙasar mai suna Villar del Río ya sami labarin cewa Amurkawa masu rabon tallafin sake gina Turai, wanda ake kira Shirin Marshall, za su biyo ta wurinsu, alhali a zahiri an tsame Sifaniya daga wannan tallafi. Sai magajin gari, wanda Pepe Isbert ya fito a matsayinsa, dattijo mai nauyin kunne da shaƙaƙƙiyar murya, ya yarda da shawarar wani dillalin mawaƙa cewa Amurkawa Andalus suka sani, don haka a lulluɓe gidajen ƙauyen da bangon kwali, kowa ya ari kayan mutanen kudu. Aka jera talakawa a layi kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so baƙin su ba shi, wani manomi har ya yi mafarkin an jefo masa tarakta daga jirgin sama. Ranar da ake jira ta zo, motocin suka ratsa ƙauyen a guje ba su ko rage gudu ba, suka bar ƙura, mutanen gari kuma suka koma tattara 'yan kayayyakinsu don biyan bashin kwalliyar da aka yi. 'Yan watanni bayan fitowar fim ɗin, a Satumbar 1953, Franco ya ƙulla yarjejeniyar da ta ba Amurka sansanonin soja a ƙasar.

Wannan labari ba ya buƙatar mai kallo ya karanta littafin tarihi ko ɗaya. Wanda ya taɓa ganin an share titi an shafe bango da farar ƙasa saboda babban baƙo zai wuce, ya riga ya san Villar del Río. Haka ma Plácido na 1961, wanda ya kai ga shiga jerin fina-finan da suka yi takarar Oscar: a daren jajibirin Kirsimeti masu hali na wani gari sun shirya gangamin “zaunar da talaka a teburinka”, kowane gida ya ɗauki tsoho ko mabaraci guda ya ciyar, shi kuwa Plácido, wanda aka yi hayar babur ɗinsa mai ƙafa uku don jerin gwanon, hankalinsa na kan kason farko na bashin babur ɗin da wa'adinsa ke cika a ranar. Yana bin wannan yana roƙon wancan, daga banki zuwa ofishin mai karɓar bashi, kuma cikin masu taimakon talakawan nan babu wanda ya tsaya ya saurari talakan da ke tsaye a gabansa. Mai tuƙa A Daidaita Sahu da magariba ta yi masa bai haɗa kuɗin mai babur ba zai gane wannan fargaba tun kafin a fassara masa kalma ɗaya.

Amma inda Berlanga ya kai ƙololuwa, tare da marubucinsa Rafael Azcona, shi ne El verdugo na 1963, wato Hauni. José Luis saurayi ne mai aikin ɗaukar gawa, burinsa ya tafi Jamus ya koyi kanikanci, kuma 'yan mata na gudunsa saboda sana'arsa. Carmen 'yar haunin gwamnati ce, tsoho Amadeo, ita ma samari na gudunta saboda sana'ar ubanta. Suka haɗu, ciki ya shiga, aka ɗaura aure a gurguje a coci, ana naɗe dardumar da aka shimfiɗa wa bikin masu kuɗi da ya gabaci nasu ana kashe kyandir ɗaya bayan ɗaya. Daga nan tarkon ya fara rufuwa a hankali: gwamnati ta ware wa Amadeo gida a matsayinsa na ma'aikaci, amma zai yi ritaya kafin a miƙa makulli, hanyar da ta rage kawai ita ce surukin ya gaji aikin. Tsohon ya yi ta kwantar masa da hankali cewa galibi afuwa kan zo kafin ranar kisa, kuma idan abin ya zo sai ya ajiye aikin. José Luis ya karɓa, ya koma mai bin shafin laifuffuka a jarida da faɗuwar gaba, yana shiga tsakanin masu faɗa a titi don kada wani ya kashe wani aiki ya same shi. Akwai wata 'yar fitowa da ba ta fita raina: Carmen na son sanin girman wuyan rigar mijinta, sai uban ya ɗaga kai ya dubi wuyan surukinsa sau ɗaya ya faɗi lambar, domin aikinsa ke nan shekara da shekaru, da ƙarfen maƙure wuya ake zartar da hukuncin kisa a ƙasar a lokacin.

Kiran ya zo daga tsibirin Mayorka, iyalin suka tafi kamar masu yawon buɗe ido suna jiran afuwa. A cikin wani kogo mai tafki, inda baƙi ke zaune cikin duhu suna sauraron kiɗa, sai ga kwalekwalen jandarmomi ya ɓullo a kan ruwa ana kiran sunan José Luis da lasifika. Abin da ya biyo baya an ɗauke shi daga sama, a wani fili fari fat na gidan yari mai ƙaramar ƙofa a can ƙarshe: tawaga biyu na tafiya, ta gaba tana rakiyar wanda za a kashe yana takawa da ƙafarsa, ta baya kuwa tana jan haunin da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Da ya fito ya ce ba zai ƙara ba har abada, tsohon ya amsa masa cewa shi ma haka ya ce a karon farko. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Venice na 1963, a shekarar da gwamnatin ta harbe ɗan kwaminis Julián Grimau ta kuma maƙure wasu matasa biyu 'yan adawa, jakadan Sifaniya a Rum kuwa ya rubuta wa Madrid ƙorafi mai zafi a kansa. Ban san wani fim da ya fi wannan nuna yadda mutumin kirki ke sayar da kansa kaɗan-kaɗan ba, yau don gida, gobe don jariri, jibi don kunyar suruki.

Saura da Erice sun zo daga baya, ƙarƙashin furodusa ɗaya, Elías Querejeta, kuma sun taɓa abin da Berlanga bai cika tunkara kai tsaye ba, wato yaƙin basasar kansa da raunin da ya bari a cikin gidaje. Tunda ba a yarda a kira abin da sunansa ba, sai suka koma ga kurman baƙi. A La caza, wato Farauta, wanda ya ci kyautar darakta a bikin Berlin na 1966, tsofaffin abokai uku da suka yi yaƙi a ɓangaren Franco sun fita harbin zomaye tare da wani saurayi, a wani busasshen kwari da aka taɓa gwabzawa a cikinsa. Rana na dukansu, giya na shiga, ɗaya ya nemi rance ɗaya ya hana, tsohuwar gaba ta taso, ana zura wata 'yar dabba mai kama da tunku cikin ramuka tana koro zomaye zuwa bakin bindiga, kuma kafin faɗuwar rana bindigogin sun juya kan masu riƙe da su. Fim ne mai ƙarfi, amma mai tsanani, kuma kisan zomayen da ake gani na gaske ne, wanda ya kamata mai raunin zuciya ya sani tun da wuri.

El espíritu de la colmena na Erice, wato Ruhin Amya, wanda ya lashe babbar kyautar bikin San Sebastián a 1973, shi ne wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyau a wannan zamani baki ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Wajen 1940 ne, a wani ƙauye na tudun Kastil, motar majigi ta kawo fim ɗin dodon nan Frankenstein. Ana, 'yar shekara shida, ta kalla, ta tambayi yayarta Isabel dalilin da ya sa dodon ya kashe yarinya da dalilin da ya sa mutane suka kashe shi, yayar kuwa ta shirga mata cewa bai mutu ba, ruhi ne, yana zaune a wani kangon garke a bayan gari. Mahaifinsu na kiwon ƙudan zuma yana rubuce-rubuce cikin dare, mahaifiyar na aika wasiƙu ga wani da ba a taɓa nuna mana ba, tagogin gidan ma an yi su da siffar saƙar zuma, hasken da ke ratsowa ruwan zuma ne, aikin mai ɗaukar hoto Luis Cuadrado wanda a lokacin ganinsa ke dusashewa. Wata rana wani mai gudun tsira ya diro daga jirgin ƙasa ya ɓuya a kangon, Ana ta same shi ta miƙa masa tuffa, daga baya ta kai masa kwat ɗin mahaifinta da agogo a aljihu. Cikin dare aka ga walƙiyar harbi daga nesa, ba kalma ko ɗaya. Jandarmomi suka mai da wa uban kayansa, shi kuma a wurin karin kumallo ya fito da agogon ya buɗe, kiɗansa ya tashi, ya dubi 'yarsa, ita ma ta dube shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar Ana Torrent ce ke ɗauke da fim ɗin tun daga farko har ƙarshe.

Saura ya sake ɗaukar yarinyar a Cría cuervos, wanda aka ɗauka a 1975 Franco na gab da mutuwa, ya kuma sami kyauta ta musamman a Cannes a 1976. Sunan daga karin maganarsu ne, cewa ka reni hankaki su ƙwaƙule maka ido. A nan Ana ta yi imani ita ta kashe mahaifinta, hafsan soja, da wani gari da ta ɗauka guba ne alhali bakin soda ne, saboda ta ɗora masa alhakin baƙin cikin mahaifiyarta da ta rasu. Marigayiyar kan shigo kicin cikin dare ta yi mata magana kamar tana raye, kuma Geraldine Chaplin ce ta fito a matsayin uwar da kuma Ana bayan ta girma, abin da kan rikita wanda bai shirya ba.

To, a nan ne zaɓin ya rataya. Abu na farko shi ne harshe, kuma a wannan fage Berlanga ne ke da nauyi. Mutanensa na katse juna, uku na magana a gaba biyu na gardama a baya, rubutun fassarar da ke ƙasan allo kuwa layi biyu kawai yake iya ɗauka, don haka wanda ba ya jin Sifaniyanci zai yi asarar wani kaso na barkwancin, idonsa kuma zai gaji da tsere tsakanin rubutu da fuskoki. Fim ɗin Erice ba shi da wannan matsala, domin maganarsa kaɗan ce, wanda karatun fassara ke ba shi wahala zai bi shi cikin natsuwa. Sai dai abu na biyu ya juya ma'aunin, kuma a ganina ya fi na farko nauyi: shirun Erice da Saura cike yake, amma sai ga wanda ya san abin da aka yi shiru a kansa. Idan mai kallo bai san cewa an yi yaƙi daga 1936 zuwa 1939 ba, bai san cewa waɗanda aka ci da yaƙi sun rayu shekaru suna tsoron maƙwabcinsu ba, to mutumin da ya diro daga jirgi baƙo ne kawai a wurinsa, uban da ba ya magana kuma miskili ne kawai. Zai ga hotuna masu kyau, ya yi hamma, ya kashe. Berlanga kuwa yana koya maka ƙasar yayin da kake dariya: magajin gari, limamin coci, ma'aikacin ofis, jandarma, matsalar muhalli, layin neman alfarma, duk sai ka san su da fuska.

Akwai kuma batun yanayin kallo. Fim ɗin Marshall bai kai minti 80 ba, kuma ana iya kallonsa da iyali ko abokai a tsakar gida ba tare da an sunkuyar da kai ba, har ma dariyar jama'a kan ƙara masa armashi. Ruhin Amya na son ɗaki mai duhu da waya a kashe, domin a ƙaramin allo cikin hayaniya rabin abin da Cuadrado ya ɗauka ɓacewa yake yi. Ta fuskar jigo, wanda abin da ke damunsa shi ne talauci, bashi, riyar masu sadaka da yadda hukuma ke murƙushe ƙaramin mutum ba tare da ta ɗaga murya ba, Berlanga ne nasa. Wanda kuwa ya taso a gidan da akwai maganar da ba a yi, ko ya taɓa rasa uwa yana ƙarami, ko yake son fim don hoto da sauti fiye da labari, wannan shi ne mutumin da na ce shawarata ba ta dace da shi ba. Ya tafi kai tsaye wurin Erice, bayan ya karanta ko da shafi biyu ne kan yaƙin basasar.

Za a tambaye ni ina na bar Luis Buñuel, tunda sunansa ya fi na kowa tashe. Na bar shi a gefe da gangan, domin yawancin aikinsa a Meziko da Faransa ya yi shi. Ya dawo gida ya shirya Viridiana, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 1961, jaridar fadar Vatican ta yi tir da shi, aka sallami shugaban hukumar fina-finan da ya karɓi kyautar, aka kuma haramta fim ɗin a Sifaniya har 1977. Jigonsa ya yi kusa da na Plácido, wato sadakar da ba ta sauya komai, kuma a cikinsa akwai fitowar da wani ya sayi kare da aka ɗaure ƙarƙashin amalanke don ya cece shi, yana juya baya wani amalanken ya wuce da wani karen a ɗaure. Amma Buñuel ba ya tausaya wa kowa, mai bayarwa ko mai karɓa, kuma fim ɗin na ɗauke da yunƙurin fyaɗe da kwaikwayon abubuwan da Kiristoci ke girmamawa, don haka ba na gaban yara ba ne, ba kuma na fara shiga ba ne.

Ga wanda ke da dare huɗu kacal, tsarin da zan ba shi shi ne ya fara da Marshall don ya saba da muryoyin da fuskokin, ya bi da El verdugo washegari tun Pepe Isbert bai fita idonsa ba, domin ganin magajin garin nan mai ban dariya ya koma hauni yana hirar aikinsa wani ɓangare ne na darasin. Dare na uku ya ba Erice, na huɗu kuma Cría cuervos. Idan ya bi wannan tsari, lokacin da zai iso teburin karin kumallon nan ya riga ya ga jandarmomin a cikin kwalekwale suna kiran suna, ya kuma san irin ƙofar da ake jan mutum zuwa gare ta, saboda haka babu mai buƙatar gaya masa dalilin da ya sa mahaifin Ana ya buɗe agogo maimakon ya buɗe baki.